Tsakanin Lambu da Tukunya: Neman Abinci Marar Sinadari Cikin Sauƙin Kuɗi a Daɗin Kowa

Da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, sanyin Jos bai gama sakin mutane ba, amma babban titin da ya taso daga cikin gari ya ratsa Daɗin Kowa ya miƙe Bukuru ya riga ya ɗinke. Ga a-kori-kura maƙare da buhunan kabeji, ga Keke Napep an cusa masa kwandunan tumatir har direba ba ya ganin bayansa, ga mata da rigunan sanyi a kan zani, kowace da baho a ka. Akasarinsu ko dai kasuwar kayan gwari ta Building Materials suka nufa, ko daga can suka fito.

A gefen wani tebur na tsaya ina kallon wata dattijuwa tana zaɓen kabeji. Mai kayan, wata matashiya da goyo, ta ɗauko mata wani fes da shi, ganyen sumul yana sheƙi.

"Mama, ga wannan, kin ga ko tabo babu."

Dattijuwar ta juya shi, ta kai hanci, ta ajiye. Ta zura hannu can ƙasan tulin, ta zaro wani da tsutsa ta huda ganyensa na waje wuri uku.

"'Yata, wanda tsutsa ta iya ci, ni ma zan iya ci. Nawa za ki bar mini?"

A da, mai hudar nan shi ake bayarwa gyara. Yau akwai masu nemansa da gayya, domin tsoron maganin feshi ya shiga gidajen mutane. Sai dai ya shigo ne a lokacin da aljihu ya fi kowane lokaci rauni. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi, har hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Uwar gida a Daɗin Kowa tana fita cefane da tambaya biyu a rai: shin abin da zan dafa wa yara lafiyayye ne, kuma kuɗin hannuna zai kai?

Inda tsoron ya samo asali

Ba haka kawai mutane suka tsorata ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan gwaji ya yi ta nuna ragowar sinadarin DDVP a jikinsa fiye da ƙima, wani ma har ninki ɗaruruwa. Wannan sinadari shi ne a cikin maganin ƙwarin nan Sniper, shi ne kuma ake tsarma wa a sayar a matsayin fiya-fiya. A 2018 hotunan wasu 'yan kasuwa suna yayyafa shi a kan wake suka karaɗe wayoyin mutane, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Hukumar ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, sinadarin nan na masu walda.

Tambayar da ta tsaya wa mutane a rai ita ce: waken da Turai ta mayar, wa ya cinye shi?

Ni kaina na taɓa auno wake tiya biyu a wani shago, mai kyan gani, ba ƙwaro ko ɗaya. Da uwar gida ta jiƙa shi za ta surfa don alale, sai wani wari mai hawa kai ya tashi daga cikin robar, ruwan ya yi wani maiƙo-maiƙo a sama. Aka sake ruwa sau uku, warin yana nan. Ƙarshenta rami na haƙa a bayan gida na binne shi, don ko kaji ban yarda su tsattsaga ba. Kuɗin ya tafi, yara suka kwana da shayi da burodi. Tun ranar na daina ganin wake marar ƙwaro a tsakiyar damina a matsayin abin yabo.

A gona ma matsin ya ƙaru. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta yi wa gonakin Arewa kaca-kaca, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A daminar 2022 cutar ƙunar ganye ta cinye gonakin dankalin turawa masu yawa a Bokkos da Mangu. Manomin da ya taɓa ganin gonarsa ta ƙone cikin mako guda, in ya samu magani ba zai tsaya auna murfi ɗaya ko biyu ba. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Amma in motar 'yan sari ta iso gobe kuma farashi ya yi kyau, mutum nawa ne zai tsaya ƙirga kwanaki?

Takardar da aka manna

Daga nan kalmar "oganik" ta samu shiga. Za ka gan ta a jikin ledar latas a manyan kantunan Rayfield da cikin gari, a kwalbar zuma, a kiret ɗin ƙwai, a tallar masu kai kaya gida ta WhatsApp da Instagram. Kusan kullum kuɗinta ya ɗara na kasuwa, wani lokaci har ya nemi ninkawa.

A inda kalmar ke da doka, ba ƙaramin abu take nufi ba. A Amurka, gona sai ta shekara uku ba a zuba mata takin zamani ko maganin feshi na kamfani ba kafin a yarda a kira amfaninta da wannan suna. Akwai mai zuwa duba gona, akwai rajistar abin da aka saya da abin da aka zuba, akwai kuɗin takardar shaida da ake biya duk shekara. Ƙungiyar masu irin wannan noma ta duniya, IFOAM, tun 1972 aka kafa ta a Faransa. A nan gida akwai ƙungiyar NOAN mai cibiya a Ibadan, wadda ke ƙoƙarin yaɗa tsarin da manoma da masu saye ke haɗuwa su duba gonakin juna su ba da shaida, saboda takardar ƙasashen waje ta fi ƙarfin ƙaramin manomi.

To, a teburin kasuwa ko a tallar waya, wa ya duba? Galibi babu. Duk mai na'urar buga takarda zai iya rubuta "oganik" ya manna. Akwai masu gaskiya a cikin masu wannan sana'a, na kuma san suna shan wahala. Amma mai saye ba shi da hanyar bambance su da wanda ya je kasuwar Farin Gada da asuba, ya saro latas irin na kowa, ya wanke, ya ɗaure a leda mai ƙyalli, ya ƙara kuɗi. A ganina asarar farko da ya kamata magidanci ya toshe ke nan: kada ka biya ƙarin ko kwabo a kan kalmar da mai faɗinta ba zai iya gaya maka sunan ƙauyen da aka noma kayan ba, balle ya kai ka gonar.

Hudar tsutsa ma, da dattijuwar nan ta dogara da ita, alama ce kawai. Sau da yawa ganin tsutsar ne ke sa manomi ya ɗauko feshi ya ninka awo. Kabeji na iya zuwa da huda da magani gaba ɗaya.

Lambunan bakin kududdufin kuza

Wanda yake son ya gane abincin Jos sai ya fara da ƙasarta. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, abin da ya ba shi sanyin da karas, kabeji, latas, koren wake da dankalin turawa ke so. Jihar Filato ce ke ba Najeriya kaso mafi tsoka na dankalin turawan da take ci, shi ya sa ma reshen binciken dankali na cibiyar nazarin saiwoyi ta ƙasa yake Kuru. A Chaha, kusa da Vom, sitiroberi ya zama sana'ar gari.

Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan ramuka da suka cika da ruwa. Da kasuwar kuza ta faɗi a shekarun 1980, tsofaffin leburorin ma'adinai da 'ya'yansu, Hausawa da Berom da sauran ƙabilu, suka koma wa waɗannan kududdufai da bakin kogin Dilimi da noman rani. Ƙasar da haƙa ta gajiyar sai da dabara, kuma sun samo ta: kashin kaji daga gidajen kiwon da suka yi yawa a Jos, kashin shanu, ɗan takin zamani, da tokar bola da ake kwasowa daga cikin gari.

Masu bincike daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila sun daɗe suna bin wannan al'ada, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000. Sun tabbatar da abin da manoma suka riga suka sani, cewa toka na rage tsamin ƙasa tana ƙara mata ƙarfi. Sun kuma nuna inda haɗarin yake: tokar bola ba ta da tabbas, wani lodin na iya ɗauke da dalma da danginta. Bolar yau kuwa ba irin ta da ba ce. Batir ne, roba ce, matacciyar waya ce, gwangwanin fenti ne. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki maganar da wasa ba.

Nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, manoma da yawa sun ƙara komawa ga kashin kaji, ba don wata aƙida ba, don shi aljihunsu ya iya. Wato wani kaso na kayan da ke kan tebur a Daɗin Kowa ya fi kusa da "oganik" fiye da yadda mai saye ke zato, kuma a farashin kowa da kowa. Amma taki na gargajiya bai wanke kaya daga zargi ba. Ɗanyen kashin kaji da aka watsa wa latas mako biyu kafin cira, ko ruwan rafin da magudanar unguwa ke zuba a ciki, sun fi ragowar feshi saurin kwantar da yaro da gudawa ko taifot. Dokar Amurka da na ambata ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbe duk abin da ke taɓa ƙasa. Saboda haka tambaya uku ce ga mai lambu: me ka fesa kuma yaushe, wane taki ka zuba, da wane ruwa kake ban-ruwa?

Ta bakin manomi

Zai zama rashin adalci a ɗora wa manomi laifin duka. In ka zauna da masu lambu, ƙorafinsu kusan ɗaya ne. Mai saye ne da kansa ke ture tumatir mai tabo ya ɗauki mai sheƙi. Dillali ne ke karya farashin buhun da ya ga huda a ciki. Wanda ya haƙura da feshi ya yi ta cire ciyawa da hannu, ya jiƙa ganyen dogon yaro ya tace ya fesa, ya tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya, in ya kawo kasuwa kuɗi ɗaya za a taya shi da wanda bai yi ba, ko ma ƙasa. Ga rashin tsaro: hare-haren da aka kai Mangu a 2023, da na Bokkos da Barikin Ladi a jajiberin Kirsimetin shekarar, sun raba iyalai da yawa da gonakinsu.

Masana aikin gona ma suna jan kunne. Nazarce-nazarcen da suka tattara sakamakon gonaki daga ƙasashe daban-daban sun nuna cewa noma ba takin zamani ba feshi yakan ba da amfani ƙasa da na zamani da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. A 2021 gwamnatin Sirilanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare ta janye dokar. Don haka tsadar kayan da aka noma da gaskiya ba tare da sinadari ba tana da dalili. Guminsa ya fi yawa, amfaninsa ya fi kaɗan. Wanda ke neman sauƙi kada ya nema a wuyan manomi. Akwai wuraren da suka fi dacewa a matse.

Abin da bai taɓa ganin feshi ba

Wuri na farko yana cikin tukunyarmu tun kaka da kakanni. Wa ya taɓa hawa bishiyar kuka da injin feshi? Kalwar da ake daddawa da ita daga ɗorawa take faɗowa. Tsamiya haka. Zogalen da ke jikin katangar gida, tafasa da lalo da karkashin da ke fitowa da kansu da damina, yakuwa da rama da ake yafawa a gefen gona, duk ba kasafai suke haɗuwa da magani ba. Acca, abincin da mutanen Filato ke alfahari da shi, tana yi a ƙasar da masara ba za ta yi ba, ba ta neman taki mai yawa, ba kuma kasafai ake mata feshin ƙwari ba. Tamba ma haka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda accar da ake aunawa a kasuwar Kugiya ta Bukuru ake ƙulla ta a ƙaramin kwali a kai ta kantunan Turai da Amurka a matsayin abincin masu kula da lafiya, mu kuma a nan wani na jin nauyin a ce gwate aka yi a gidansa. Gwaten acca da alayyafo, yakuwa, gauta da gyaɗa cikakken abinci ne. Tsadar acca a wajen gyara take, surfe da rairaye yashi. Wanda ya saya da kaka ya gyara a gida, ko ya haɗa kai da mai gyarawa a unguwa, ya rage kaso mai kyau.

In gida ya mayar da miyar kuka, zogale da gwate kwana uku ko huɗu a mako, kuɗin da ya rage sai a karkata shi inda haɗarin ya fi yawa. Ba kowane kaya ne ke buƙatar a biya masa ƙari ba. Abin da ake ci ɗanye da ɓawonsa ko ganyensa, irin su latas, kabeji, kokwamba, tattasai, tumatir na salak da sitiroberi, shi ya cancanci a san manominsa. A Amurka ma, jerin da wata ƙungiyar kare muhalli ke fitarwa duk shekara na kayan da suka fi riƙe ragowar feshi, sitiroberi ya daɗe a sahun gaba. Abin da ake ɓarewa ko ferewa a dafa, kamar albasa, doya, kabewa, abarba da fiya, a saye shi a kasuwa yadda aka saba, a bar ƙarin kuɗin a aljihu.

Hannu nawa kaya ya bi?

Kabejin da aka cira a Kuru ko Vom bai yi tafiyar awa ɗaya ba kafin ya iso Daɗin Kowa. Amma ka ƙirga hannuwan da ya ratsa: dillalin bakin gona, masu lodi, mai mota, ɗan sari, mai tebur, wani lokacin har da mai kanti da ledarsa. Kowa da ladarsa. Mutumin Legas ko Fatakwal ba shi da zaɓi, dole ya biya duka. Mutumin Daɗin Kowa kuwa lambu na bayan gidansa, amma sai ka ga yana saye kamar baƙo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya ba zai iya da buhun dankali ko kwandon tumatir ba, amma gida biyar za su iya. Matan da suka saba adashi, 'yan zumuntar mata a coci, 'yan Islamiyya ɗaya, malaman makaranta ɗaya, duk suna da tsarin a hannu. A tara kuɗi ranar Juma'a, mutum biyu su je lambu ko kasuwar sari da sassafe, a raba da yamma. Kuɗin mota ya rabu biyar, farashin sari ya maye gurbin na kashi-kashi.

Ribar da ta fi wannan ita ce sanayya. Manomin da ya san gida biyar za su ɗauki kayansa duk mako, ko da tabo ko babu, ba shi da dalilin yin feshin ado kwana biyu kafin cira. Za ka iya tsayawa a bakin kwaminsa ka ga kwalaben da ke yashe a gefe, ka ga ruwan da injinsa ke ja, ka ga tarin takinsa ko ya ruɓe ya yi baƙi ko ɗanye ne. Gani ya kori ji. A roƙe shi ya ware kwami biyu ko uku, a yi alkawarin saye, in da hali a ba shi wani abu tun lokacin shuka. Kuma in ya cika alkawari, kada a zo ranar ɗauka a tsaya ana yi masa tayin wulaƙanci.

Sai lokaci. Tumatir da tattasai na araha da hunturu zuwa farkon bazara, su yi wuta daga Mayu zuwa Yuli. Dankalin damina na cika kasuwa wajen Yuli da Agusta. Sitiroberi na sanyi ne. Mangwaron da ka gani jawur tun kafin lokacinsa, ka tambayi kanka me ya nunar da shi. Kayan da ke cikin lokacinsa ya fi araha, kuma ba a tilasta masa ba. Iyayenmu sun san yadda ake tsawaita arahar: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, barkono da tattasai a shanya. Iskar hunturun Jos na busar da yankakken tumatir cikin 'yan kwanaki, in an shimfiɗa shi a kan tabarma mai tsabta a bisa, an rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura, ba a bakin kwalta ba. Wasu kuma markaɗawa suke yi, su tafasa ya yi kauri, su ɗura a kwalaben da aka dafa.

Amma a yi hattara, sari na iya zama asara. Buhun dankalin da aka jingine a ɗaki mai zafi cikin leda, kafin wata ya zagayo sulusinsa ya ruɓe, arahar ta tafi. A baje shi a wuri mai duhu da iska, a riƙa tsince mai rauni. Wanda haske ya sa ya yi kore ko ya tsiro sosai, a yar, korensa na da guba.

Wake: saya da kaka, rufe da kanka

Maganin da ke cikin wake da masara yawanci ba a gona aka zuba shi ba, a sito ne. Mai ajiya na tsoron ƙwaro ya cinye masa jari, sai ya yayyafa ruwan magani ko ya jefa ƙwaya a buhu. Nan kuwa magidanci na da cikakken iko, kuma nan ne tsimi da lafiya suka haɗu ba tare da jayayya ba.

Ƙwaron wake numfashi yake yi. In ka hana shi iska, ya mutu. Wannan ne sirrin buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma, kuma in bai huje ba yana yin shekara fiye da ɗaya. Wanda wakensa bai kai buhu ba, jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe ƙarau ta isa. A shanya waken ya bushe sosai, a ɗura har wuya, a jijjiga a ƙara, a sa leda a bakin a murɗa murfi, kada a buɗe sai bayan wata biyu. Ƙananan jarkoki sun fi babba ɗaya, don in ka buɗe guda sauran na nan a rufe.

Na gwada, kuma shekara uku ke nan ban sayi wake da damina ba. Ranar da aka buɗe jarka a watan Yuni, waken na zubowa yana ƙara a cikin roba kamar ranar da aka ɗura shi, ba gari, ba wari, a lokacin da tiya a kasuwa ta yi nisa da farashin kaka.

Buhu goma a bayan ɗaki

Yawancin gidajen haya a Daɗin Kowa ba su da fili, amma ba a rasa jikin katanga da rana ke samu. Tsohon buhun shinkafa, ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda ƙasan don ruwa ya fita. Alayyafo wata guda ya isa yanka, kuma yana sake tohowa. Latas, albasa mai ganye, attaruhu, yakuwa, duk suna yi. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya ishe su, muddin ba sabulu. Ba zai ciyar da gida ba, kada a ruɗi kowa. Abin da zai yi shi ne ya ɗauke maka sayen ganyen da ake ci ɗanye, wanda dama shi ne abin fargaba.

Abin da likitoci ke tsoro

Ma'aikatan lafiya na da tasu damuwar, kuma ta sha bamban da ta masu talla. Wani babban nazari da Jami'ar Stanford ta fitar a 2012 bai samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa abincin "oganik" ya fi sauran gina jiki ba, ko da yake ya samu ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, abin da gidaje da yawa ba sa kaiwa. Iyalin da suka daina cin ganye don tsoron feshi, ko suka sayi ɗan ƙullin latas mai tsada maimakon kwanon ganye na kasuwa, sun gudu daga ƙaramin haɗari sun faɗa babba.

Wanki na rage da yawa. A cire ganyen kabeji da latas na waje a zubar, a wanke saura ganye-ganye a ruwa mai tsabta ana sakewa, a kankare karas, a fere kokwamba. Ba ya fitar da maganin da ya riga ya shiga cikin tsiro, amma yana tafiya da na sama, da ƙasa, da ƙwayoyin cuta masu yawa. Kada a sa omo ko sabulu.

Akwai dai iyakar abin da uwar gida za ta iya da hanci da ruwan wanki. Ba ta da ɗakin gwaji. Jos kuwa na da jami'a, ga cibiyoyin bincike a Vom da Kuru, ga shirin bunƙasa noma na jiha, PADP, da malaman gonarsa. Muna roƙon Ma'aikatar Gona ta Jihar Filato da NAFDAC su riƙa ɗibar samfurin kabeji, tumatir da wake daga Building Materials da Farin Gada lokaci-lokaci, su gwada, su faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa da Berom da sauran harsunan jihar. Shugabannin kasuwa kuma su ware layi guda ga manoman da ƙungiyarsu ta duba gonakinsu ta shaide su, da sunan ƙauyen kowa a rubuce a gaban teburinsa, domin mai Keke Napep da malamar firamare a Daɗin Kowa su san inda za su dosa.